Baƙin Tabon da Ke Jikin Monitata

Tun da na buɗe shagon nan a Gwarinpa babu abin da samari suka fi tsokanata a kai kamar tsohuwar monitar can da ke saman kanta, mai baƙin tabo a gefe. Wannan ya ce in sayar wa 'yan gwangwan, wancan ya ce in ba shi ya sauya mata gilashi kafin la'asar. Jiya ma wani ya dube ni ya ce, "Baba Hadi, wai wannan sana'ar taku har sai an koya? Ai soka waya ne kawai, hoto ya fito." Na so in yi fushi, sai na tuna ni ma na taɓa yin ƙuruciya. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tunda kun matsa sai kun ji dalilin da ya sa ba na rabuwa da monitar nan, to ku gyara zama, sai dai daga tushe zan faro.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne warware wayoyi. Ni mutumin Kazaure ne, ci-rani ya kawo ni Abuja, na fara da tallar batir da tocila a bakin tashar Jabi. Akwai wani Bayarabe mai gyaran rediyo da talabijin a Kubwa, Oga Latifu, yakan sayi batir a hannuna idan ya zo karɓar kaya. Wata rana ya ga na kwance wata matacciyar tocila na tayar da ita da tsinken ashana, ya ce in biyo shi. Na ɗauka gobe-gobe zan fara buɗe talabijin. Ina zuwa ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, cike da wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana, ya ce in raba kowacce da 'yar'uwarta. In na gama sai ya sake juye su a buhun, ya karkaɗa, ya miƙo mini. Haka na yi ta yi har damina ta shigo ta fita. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Sai daga baya na lura ko idona a rufe, in na taɓa bakin waya na san ta me ce, na kuma san ko cikinta ya karye.

Oga Latifu ba mai yawan magana ba ne, Hausarsa ma a karkace take, amma abu biyu ya dasa mini. In ya ga na ɗauko waya da rawar jiki sai ya buge mini hannu ya ce, "Hadi, kar ka soka. Duba baki tukuna. Waya ba ya ƙarya, mutum ne yana sauri." Na biyun kuwa, duk wanda ya kawo aiki, kafin a yi maganar komai sai ya tambaye shi, "Wa zai kalla?" In tsoho ne, akwai yadda ake saita haske. In ɗakin kallon ƙwallo ne, akwai tsayin da ake ratayewa. A zamanin babu tabilet, bidiyon kaset ne da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Kayan sun sauya, tambayar ba ta sauya ba. Allah ya kai haske kabarinsa.

Ku duba jakar nan tawa. Babu wani abin burgewa a ciki: ƙaramar mita ta gwada wuta, ayan na narka dalma, buroshin haƙori, allura, tocila, sai adaftoci iri-iri da nake ɗaure kowacce da roba. Allurar nan ta fi ayan yin aiki. Rabin masu zuwa suna cewa tabilet ɗinsu ta ƙi nuna hoto a monita, in ka haska ramin caji za ka tarar da audugar aljihu da ƙura sun toshe shi, bakin waya ba ya kaiwa ƙarshe. Ka sa allura a hankali ka zaƙulo, shi ke nan. Sauran kuwa kowa da ciwonsa. Wata monitar tana jiran hoto ta ƙofar baya alhali ta ƙofar gaba aka aiko shi, sai ka danna maɓalli ka nuna mata inda za ta duba. Wata adaftar hanya ɗaya take bi, in ka juya ta ko shekara za ka yi ba za ka ga komai ba. Wata wayar caji kawai ta iya, ga ta da kauri da sheƙi amma ba ta ɗaukar hoto.

Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne mai tabilet ɗin da ba a halicce ta da fitar da hoto ba sam. Na tuna wani Alhaji da ya zo da sabuwa dal a kwali, yana so ya riƙa ganin hotunan gonarsa a babban gilashi. Na haska, na gwada adafta ta ƙwarai, na gwada wata, na ce masa, "Alhaji, ramin wannan wuta kawai yake sha, ba ya ba da hoto." Ya ce ai ramin iri ɗaya ne da na ɗansa, na ɗan kuwa yana yi. Na ce ƙofa iri ɗaya ce, ɗakin ne daban. Ya kwashi kayansa yana faɗa, ya zaga shago-shago, aka yi ta sayar masa da wayoyi har ya tara abin da zai iya ɗaure rago. Da ya gaji ya dawo, na haɗa masa 'yar na'urar nan da ke karɓar hoto ta iska, na kuma faɗa masa gaskiya cewa hoton zai riƙa ɗan jinkiri. A wannan sana'a iya cewa "ba zai yiwu ba" tun da wuri shi ma aiki ne, kuma ku yaran yanzu shi ne kuka fi ƙi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar rusau. Lokacin na bar hannun Oga Latifu, ina da kwantena tawa a bakin titi a Kubwa. Muka wayi gari da jan fenti a jikin ƙofa, kafin mu gama shawarar inda za mu nufa katafila ta iso. Abin da na tsira da shi jakar nan ce da monita ɗaya da na rungumo na fito da ita, wato waccan da kuke raina wa. Ban tsaya kuka ba, don ba ni kaɗai ba ne, layin gaba ɗaya aka share. Na koma yawo gida-gida, ofis-ofis, jaka a kafaɗa, duk wanda ya kira in hau bas in je. A wannan yawon na san wani safiyo mai suna Nuhu, mai aikin awon filaye, mutum mai sanyin hali. Nakan haɗa masa kayan ofishinsa. Shi ne ya kawo mini aikin da zan ba ku labari.

Wata safiya ya kira ni ya ce akwai aiki a wani ƙauyen Gbagyi can bayan Kubwa, kuma ba aikin wasa ba ne. Mutanen ƙauyen tun tuni suka sauko daga gindin dutse suka dawo kusa da titi, suka bar tsohon kufai da makabartarsu a can. Yanzu wani kamfani ya sami filin zai gina rukunin gidaje. An zauna an yi magana, kamfanin ya yarda zai zagaye makabartar da katanga ya bar ta, in har mutanen gari sun nuna takamaiman inda take kafin injina su shiga. To ga damina ta ɗauke, injinan suna bakin fili. Kaburburan kuwa ba siminti, duwatsu ne aka jera, ƙasa ta shanye su, ciyawa ta fi mutum tsayi. Dattawan da suka yi binne a can duk sun rasu. Magidantan yanzu suna yara aka tashi, kowa ya hau sai ya nuna wani wuri daban, an yi ta sara ba a ga komai ba.

Mutum ɗaya ce ta rage da ta san wurin, wata tsohuwa da ake kira Kaka Ladi. Hanyar gonarta ta gefen makabartar ta bi, shekara da shekaru tana wucewa safe da yamma. Mijinta yana can, 'ya'yanta biyu suna can. Amma ƙafafunta sun daina ɗaukarta, hanyar kuma duwatsu ne da kwazazzabo, an gwada goya ta jikinta bai ɗauka ba. Sai Nuhu ya sa aka tashi ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, aka ɗauko filin kaf, ya zuba a tabilet ya kai mata. Nan ma aka gamu da cikas. In ya bar hoton yadda yake, komai ya yi ƙanƙanta, idonta ba ya gani. In ya buɗa shi ya yi girma, sai ta ga bishiya ɗaya ta cika gilashi, ba ta san me ke gabanta ko bayanta ba. Shi ya sa yake so a fitar mata da hoton a babban gilashi.

Ban yarda mun tafi ba sai da na gwada tabilet ɗin a ofishinsa, na ga hoto ya fito. Na lura ramin ya ɗan saki, bakin adafta yana rawa a ciki, na ajiye wannan a raina. Na ɗauki monitata maimakon tasa, domin tasa irin mai arhar nan ce da in ka kalle ta daga gefe sai hoton ya yi duhu, ni kuwa na san taron jama'a ba a tsakiya kowa yake zama ba. Na ɗauki batir da inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, saboda ƙauyen ba wuta, da adafta biyu, da wata waya mai lanƙwasasshen kai da na saba ajiyewa don monitar da ke manne da bango.

Da hantsi muka isa. An taru a gindin mangwaro ƙofar gidan mai unguwa, an kwaso bencina daga coci, tabarmi daga masallaci, don garin haka yake, gida ɗaya za ka tarar da mai salla da mai zuwa coci da mai bin na gargajiya. Wakilin kamfani ma ya zo da motarsa, wani matashi mai ladabi, ya gaishe da kowa ya koma gefe. Na ɗora monita a tebur, na haɗa, na sa aka ɗaura zani a reshe don tare hasken rana. Hoton ya fito amma monitar ta ja shi ya cika gilashi, bishiyoyi sun baje kamar an zauna a kansu. Na shiga saiti na mayar da shi yadda aka ɗauke shi, ko da gefe da gefe ya zama baƙi. Mutane suka yi ta salati da tafi, yara suna nuna rufin gidajensu. A raina na ce aiki ya ƙare.

Aka ɗauko Kaka Ladi a kujera, ɗanta Danjuma yana riƙe da gefe ɗaya, shi kansa furfura ta fara cin gemunsa. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, irin ta matan Gbagyi da suka ƙare rayuwa suna ɗaukar kaya a kafaɗa. Aka ajiye ta gaban tebur. Ta kalli gilashin, ta daɗe tana kallo. Can ta girgiza kai.

"Ban san wannan gari ba," in ji ta.

Nuhu ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Kaka, duba da kyau. Nan sama arewa ce. Wannan baƙin shi ne dutsenku, wannan layin kuma rafi."

Ta ce, "Dutse yana bayana, ɗana. Yaya kai ka ce yana sama?"

Danjuma ya yi mata magana da yarensu, ya yi ta nuni. Ta sake kallo, ta sake girgiza kai. Ni kuma na ɗauka laifin daga wajena yake. Na ƙara haske, na rage, na sauya waya, na goge gilashi da gefen rigata. Hoton kuwa ba abin da ya same shi, ko gashin akuya kana iya gani. Wakilin kamfani ya matso ya ce da mai unguwa, cikin girmamawa, shi ba zai iya ƙara tsayar da injina ba, an riga an ɗaga masu sau da yawa. Na ga wani dattijo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Gaskiya hankalina ya tashi, don na gane in muka tashi a haka, kan mijin matar nan za a shimfiɗa kwalta.

Kaka Ladi ce ta juyo ta dube ni, da yake ta ga ni ke ta taɓe-taɓe. Ta ce, "Kai mai waya. Ƙasa ba ya tsayuwa. Ku kun jingina shi kamar kalanda. Ni tun da aka haife ni a ƙarƙashin ƙafana nake ganin shi. Ku kwantar da shi."

Wasu samari suka fara dariya, mai unguwa ya daka masu tsawa. Ni dai ban taɓa kwantar da monita tana aiki ba, kuma na san dalilan da suka sa ba a yi. Ta baya take numfashi, in ka kife ta a tabarma zafi ya kashe ta. Ta baya wayoyi suke shiga, nauyinta zai karya bakinsu. Na ciro sukundireba na kwance ƙafarta, na sa aka kawo guntayen katako biyu daga wani karyayyen benci, na shimfiɗa su a tabarma, na ɗora ta a kai yadda iska za ta bi ta ƙasa. Wayar nan mai lanƙwasasshen kai da na ɗauko ba da wani shiri ba, ita ta cece mu. Nuhu ya tsuguna da tabilet, yana motsawa sai hoton ya wuntsila, ya koma a kaikaice. Na karɓa na kulle juyawar, na mayar masa.

Sai tsohuwa ta ce, "Dutse ya kalli dutse."

Ni da Danjuma muka kama tabarmar muka riƙa juya ta a hankali da monitar a kai, Nuhu yana bin mu a tsugune don wayar gajeriya ce, kamar mai jan akuya da guntuwar igiya. Muka juya har baƙin da ke cikin hoton ya fuskanci ainihin dutsen da ke tsaye bayan gari. Aka sauko da Kaka Ladi daga kujera aka zaunar da ita a ƙasa, ta ɓangaren da gari yake, wato ta inda ta saba fara hawa. Ta sunkuya.

Ta ɗora yatsa a bakin gilashin ta ce, "Nan ne rafi. Nan muke ƙetarewa."

Ta fara tafiya da yatsa, a hankali, irin tafiyar mai kaya a kafaɗa. Ta ce a nan akwai faffaɗan dutse inda mata ke sauke itace su huta, muka duba, ga shi kuwa fari fat. Idan ta kai ƙarshen abin da gilashi ya nuna sai Nuhu ya ja hoton, da ya ja da sauri ta ce, "Kar ka gudu da ƙasa." Na ce masa ya riƙa bin yatsanta, kada ya wuce ta.

Ana cikin haka hoton ya ƙifta. Ramin nan da ya saki ne ya fara halinsa, don adafta ta yi zafi. Na san in gilashi ya yi baƙi ko na ɗan lokaci ne, tsohuwar za ta ɓata a hanya, kuma ba lallai ta sake samun ƙarfin farowa ba. Na sa babban yatsa na danne bakin adaftar a jikin tabilet, na riƙe gam, na cire hulata na yi wa adaftar inuwa da ɗaya hannun. Tana ƙona ni ina riƙe. Bayan nan kuma inbata ta fara kuka, alamar batir ya yi ƙasa. Ban iya tashi ba, sai na ɗaga kai na dubi wakilin kamfani na ce, "Oga, batirin motarka." Bai yi musu ba. Da hannunsa ya buɗe bonet ya kwanto shi ya kawo, ina faɗa masa ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ya haɗa a jikin nawa ba tare da an cire komai ba. Kukan ya tsaya. Kaka Ladi ba ta ma san an yi ba, tana can kan hanya.

Ta kai wani wuri da ƙasa ta yi fari-fari a zagaye, ta tsaya. Ta ce, "A nan ɗorawa yake. Sun sare shi." Sa'an nan ta karkata yatsa wajen fitowar rana, ta bi tsakanin wasu duwatsu biyu, ta gangara. Wurin da ta nufa babu wanda ya taɓa nuna shi cikin masu neman, duk sun fi karkata ga gindin dutse. Wani ɗan fili ne da ciyawarsa ta fi ta kewaye duhu. Yatsan ya tsaya cak.

"Nan," in ji ta.

Da yake ƙafafunta ba sa tallafarta, duk nauyinta a kan yatsan nan ya tafi. Ta fara kiran sunaye. Ta kira surukinta, wanda ya mutu a kan addinin kakanninsa. Ta kira mijinta Yohanna, ta ce akwai bakin fartanyarsa a wajen kansa, ita ta sa aka ajiye. Ta kira ƙanensa Musa, ta ce shi an juyar da shi gabas. Ta kira wasu da dama, duk wanda aka kira nasa a cikin taron sai ka ji ya amsa. A ƙarshe ta kira 'ya'yanta biyu da suka tafi ba a yaye su ba. Kowane suna sai ta ƙara dannawa. Ina kallon gilashin yana lotsawa, launi yana watsuwa a ƙarƙashin yatsanta kamar an jefa tsakuwa a ruwa. Duk wanda ya koyi aikin nan ya san ba a danna gilashin monita, kuma ita da jakar nan kaɗai rusau ya bar mini. Na buɗe baki zan yi magana, na rufe. Tausayinta ya kama ni, na bar ta ta ci gaba da dannawa.

Nuhu ya sa alama a tabilet daidai inda ta nuna. Ya dubi wakilin kamfani, shi kuma ya leƙa ya gani, ashe ta nan babban titin rukunin gidajen zai ratsa. Nan take samari suka ɗauki adduna suka hau tare da Nuhu, mu muka zauna jira. Na saki adaftar, yatsana ya yi bororo. Aka kawo wa tsohuwa ruwa ta ƙi sha. Ta ce in ba ta ji ba ba za ta sha ba.

Rana ta karkata wayar Danjuma ta yi ƙara. Ya buɗe murya kowa ya ji. Nuhu ne, yana haki. Ya ce sun sare ciyawa, ga duwatsu a jere layi-layi, ga kuma bakin fartanya ya yi tsatsa a kan ɗaya. Wasu suka ce Alhamdu lillahi, wasu suka ce Halleluya, Danjuma ya durƙusa ya kifa kansa a cinyar uwarsa yana kuka kamar yaro. Ita kuwa ta miƙa hannu ta ce a ba ta ruwan.

Kamfanin ya cika alkawari. An ja katanga, an lanƙwasa titi ya kauce. In kun taɓa shiga rukunin gidajen kuka ga hanya ta yi gwiwa ba dalili, kusa da wata gajeriyar katanga da ba gida a cikinta, to dalilin ke nan. Da na dawo gida na kunna monitar na ga ɗigon baƙi a inda yatsanta ya zauna. Ya ɗan ƙara faɗi, sa'an nan ya tsaya. Nuhu ya ce zai sa a sauya mini gilashi, na ce ya bari.

Damina ta zagayo Danjuma ya kira ni ya ce Kaka ta cika. Na rufe aiki na je. A mota aka kai ta, ta kan sabon titin, har bakin katangar, hanyar da ƙafarta ta kasa kai ta tana da rai. Aka sa ta kusa da mai fartanya.

To kun ji. Soka waya kam kowa ya iya, ɗan yaye ma zai soka. Amma fitowar hoto ba ita ce ƙarshen aiki ba, sai wanda aka yi dominsa ya gane abin da yake kallo. Monitar can har gobe tana aiki, nakan gwada kayan mutane da ita. Ko ƙwallo aka sa, ko hoton biki, tabon yana nan a wurinsa. Ku in kun kalla gilashin da ya lalace kuke gani. Ni kuwa inda Kaka Ladi take kwance nake gani, ita da mijinta da 'ya'yanta. Don haka ku bar mini ita a inda take.